Rabin Karatun Jami'a Yana Wajen Ɗakin Lakca

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar bikin yaye ɗalibai a wata jami'a ta Najeriya ya ji abin da ake shelantawa kafin a ba kowa digirinsa: cewa jami'a ta bincika, ta sami waɗannan ɗalibai sun cancanta ta fuskar hali da ta fuskar ilimi. Hali ake fara ambata, sannan ilimi ya biyo baya. To shi ilimi mun san mudun da ake awonsa: akwai gwaji, akwai jarrabawar ƙarshen zango, akwai makin da ake tarawa tun daga aji ɗaya har zuwa ajin ƙarshe. Hali fa, a wane ɗaki ake koyar da shi, wa kuma yake duba takardarsa? Babu tambayar jarrabawa da za ta nuna ko yaro zai iya riƙe kuɗin jama'a ya kawo lissafi daidai, ko zai iya miƙewa gaban mutum 200 ya yi bayani muryarsa ba ta rawa, ko zai iya zama da wanda addininsu da harshensu suka bambanta su gama aiki lafiya. Waɗannan abubuwa a ƙungiyoyin ɗalibai ake koyonsu, da muhawarori, da laccocin jama'a, da gasanni, da filin wasa, da wurin koyon aiki. Wannan shi ne rabin karatun da ke wajen ɗakin lakca, kuma shi ne jami'o'inmu da iyaye da su kansu ɗaliban suka fi yin sakaci da shi a yau.

Sakacin yana da dalilai, kuma adalci ne a faɗe su. A 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ya ci kusan wata tara, ga kuma kullen korona a kansa. A 2022 aka sake rufe azuzuwa tun daga 14 ga Fabrairu har zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Da aka dawo sai jami'o'i suka shiga tseren rama lokaci: aka taƙaita zango, aka cusa lakca a yammaci da ranakun Asabar, aka matso da jarrabawa. Duk lokacin da aka ce a rage kaya, to abin da ba shi da maki shi ake fara saukewa. Daga nan aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista. Ɗalibin da ke zuwa sabuwar harabar Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo daga wata unguwa mai nisa a cikin birnin Kano, da zarar malami ya fita shi ma neman abin hawa yake yi, domin in ya tsaya taron yamma kuɗin komawa gida zai gagare shi. Haka aka wayi gari rayuwar ɗalibi ta tsaya a kan duwatsun murhu uku: aji, ɗaki, masallaci ko coci. Ya haddace handawut, ya zuba a takarda, ya karɓi kwali, ya fito ko shugaban sashensa bai san sunansa ba.

Tarihin manyan makarantunmu ya nuna cewa da ba haka abin yake ba. A 1958, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗaliban zane suka kafa 'yar ƙungiyarsu. Malamansu galibi Turawa ne, salon zanen Turai suke koyarwa. Ɗaliban suka riƙa haɗuwa bayan an tashi daga aji suna tattauna yadda za a gwama abin da ake koya musu da zanen gargajiyar da suka gada a garuruwansu. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba, kuma babu wanda ya sami maki ko ɗaya saboda halartar zamanta, amma yau ba a rubuta tarihin zanen zamani a Najeriya a tsallake ta. A Zariyar dai, ɗaliban wasan kwaikwayo suka fita da wasanninsu daga haraba zuwa cikin Samaru da ƙauyukan kewaye, suna tattauna matsalolin ruwa da tsafta da noma da mutanen gari, har wannan salo ya zama abin koyi a wasu ƙasashen Afirka. Makon Hausa da ɗaliban sashen harsuna ke shiryawa a Kano da Zariya da Sakkwato ya daɗe yana haɗa makaɗa da marubuta da manazarta a zaure ɗaya. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda ake ji da ita a yau, Jami'ar Usmanu Danfodiyo ce ta ɗauki nauyin shirya ta tun 1986. Wasannin jami'o'i na NUGA kuwa tun 1966 aka fara su a Ibadan. Galibin waɗannan a gefen manhaja suka tsiro.

Mu duba abin da ɗalibi ke kwasa a irin waɗannan wurare. Wanda aka zaɓa ma'ajin ƙungiyar sashensu, ko da kuɗin da ke hannunsa bai wuce na sayen lemo da buga takardar gayyata ba, dole ya koyi rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya ajiye rasit, ya tsaya gaban 'yan uwansa ya amsa tambaya. Sakatariyar da ke rubuta bayanin zama tana koyon tace magana mai tsawo ta mayar da ita layi biyar. Wanda aka tura ofishin kula da harkokin ɗalibai neman izinin zauren taro ya koyi rubuta wasiƙar hukuma, ya koyi jira, ya koyi komawa karo na uku ba tare da ya yi rashin kunya ba. Ɗaliban aikin jarida da ke karanta labarai a gidajen rediyon haraba, irin waɗanda Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello ke da su, suna yin kuskurensu na farko a inda gyara ba shi da tsada. Ɗaliban lauya da ke shiga cibiyoyin taimakon shari'a na tsangayarsu suna ziyartar gidajen gyaran hali, su ga da idonsu mutumin da ya shekara yana jiran shari'a, abin da littafi zai faɗa a sakin layi ɗaya. Ɗaliban injiniya na Zariya sun ƙera 'yar motar da suka kai gasar Shell Eco-marathon, wasu kuma sun fafata a gasar fasahar sadarwa ta kamfanin Huawei har suka dawo da kyaututtuka. Gani ya kori ji. Injiniyan da ya taɓa kwana yana neman dalilin da ya hana injinsa tashi ya san abin da allo ba zai koya masa ba.

Waɗannan ayyuka kuma su ne mabuɗin ƙofofin da ɗalibai ke ta mafarkin shiga. Tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa don digiri na biyu, yana buƙatar mai nema ya rubuta bayani a kan inda ya taɓa jagorantar mutane da yadda yake ƙulla alaƙar aiki da jama'a. Tallafin gidauniyar Mastercard yana duba abin da matashi ya yi wa al'ummarsa. Gidauniyar Tony Elumelu, tun daga 2015, tana horas da matasan Afirka masu sana'a ta kuma ba su jarin dala 5,000, amma sai wanda ya iya tsara bayanin kasuwancinsa a rubuce ya kare shi. Kusan duk inda aka nufa kuma za a nemi wasiƙar shaida daga malami. Malamin da ke koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, me zai rubuta a kan yaron da bai taɓa gani ba sai a takardar jarrabawa? Wanda ya taimaka masa shirya taron ƙara wa juna sani, ko ya wakilci sashe a muhawara, shi ne zai iya yi wa shaida da zuciya ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ya jira sai ya gama bautar ƙasa sannan ya fara tunanin abin da zai cika waɗannan fom-fom da shi, zai tarar babu abin rubutawa.

Ko damar da gwamnati ta riga ta sanya a cikin manhaja ma, wasa ake yi da ita. Tun 1973 Asusun Horas da Ma'aikata na ITF ya ɓullo da shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu da ma'aikatu, wanda aka sani da SIWES. Ɗaliban injiniya da kimiyya da aikin gona da wasu fannoni sukan yi watanni a wajen makaranta a ƙarƙashinsa. Sanin kowa ne cewa da yawa suna ɗaukar wannan lokaci hutu: a nemi ofishin wani ɗan uwa, a sa hannu a littafin halarta, a cika shi a dare ɗaya gab da zuwan mai duba aiki. Gaskiya ne masana'antun Arewa sun ragu, masaƙun Kaduna sun daɗe a rufe, na Sharaɗa da Bompai a Kano da dama sun tsaya, alawus ɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Duk da haka akwai garejin gyaran mota, akwai gonakin kaji, akwai injinan cashe shinkafa, akwai ɗakunan gwaji na asibitoci. Wata shida a hannun ƙwararren makaniki ya fi wata shida a kan benci a sakatariya. Haka darasin koyon sana'a da Hukumar Kula da Jami'o'i ta wajabta: a wurare da yawa ya zama wani handawut ɗin da ake haddacewa, alhali an kawo shi ne don ɗalibi ya taɓa abu da hannunsa.

Wanda wannan sakaci ya fi cutarwa shi ne ɗan talaka. Ɗan babban gida yana da kawu a ma'aikatar gwamnati, yana da yaya a banki, labarin gurbin karatu ko na aiki a teburin cin abinci zai same shi. Yaron da ya zo daga ƙauye, wanda shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, ba shi da kowa sai allon sanarwa, da malamansa, da abokan da ya yi a haraba. In aka bar tarukan haraba suka mutu, shi aka toshe wa hanya. Akwai hujja a kan cewa matasanmu ba sa ƙin dama idan labari ya isa gare su. Da asusun lamunin karatu na NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, da sharaɗin babu kuɗin ruwa, ga Naira 20,000 ta ɗawainiya duk wata, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, jami'o'in Arewa irin su ta Maiduguri da ta Bayero suna cikin na gaba a yawan masu nema. An yi ta maganarsa a rediyo da masallatai da zaurukan WhatsApp, ɗalibai suka ji, suka fito. Da sauran damarmakin za su sami irin wannan yekuwa, da an ga irin wannan fitowa.

Wani uba zai ce: ni karatu na tura ɗana, ba shugabancin ƙungiya ba, kuma maki shi ne abin da ake tambaya. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Lokacin da gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin ɗalibai 1,001 zuwa karatun digiri na biyu a 2023, masu daraja ta ɗaya ta nema. Hukumar PTDF mai ba da tallafin karatu ma ba ta duba takardar wanda sakamakonsa ya yi ƙasa. Ɗalibin da ya bar lakca yana yawon kamfen har ya tara kwasa-kwasan da zai maimaita ya yi asara biyu, domin babu kwamitin tantancewa da zai karanta labarin jagorancinsa in makinsa bai kai shi gaban kwamitin ba. Sai dai a yi lissafi. Mako yana da awa 168. A cire barci da lakca da bita da ibada da zirga-zirga, za a ga akwai saura, kuma kowa ya san inda sauran ke tafiya: cikin waya. Awa uku a mako da aka ba ƙungiyar muhawara ko aikin sa kai a makarantar firamaren da ke maƙwabtaka da jami'a, daga rabon TikTok za a cire su, rabon laburare yana nan. Maki yana kai mutum bakin ƙofa. Idan mutum 50 masu sakamako iri ɗaya suka taru a bakin ƙofar nan, da wani abu daban za a tace su.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne tsoro. Iyaye sun san ƙungiyoyin asiri, sun san shaye-shaye, sun san casun da ake kira bikin sashe. Manya kuma ba su manta da 1978 ba, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan ƙarin kuɗin abinci, wadda aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, ko kisan ɗalibai da aka yi a Samaru a watan Mayun 1986. Mai 'ya mace kuwa fargabarsa ta ninka. Babu mai hankalin da zai raina wannan tsoro. Abin lura shi ne, ƙungiyar asiri a ɓoye take, da dare take taro, ba ta da rajista. Ƙungiyar sashe, ko ta ɗalibai Musulmi wadda aka kafa tun 1954, ko ta ɗalibai Kirista, ko ta 'yan jiha ɗaya, rajista take yi a ofishin harkokin ɗalibai, tana da malami mai ba ta shawara, an san shugabanninta. Matashi ɗan shekara 18 da ya bar gida karo na farko sai ya nemi inda zai jingina. In bai sami na fili ba, na ɓoye zai same shi. Hana yarinya shiga komai kuma yana fito da likita ko lauya wadda ba ta taɓa magana a gaban taro ba, alhali aikinta gaba ɗaya magana da jama'a ne. Maganin fargabar shi ne a mayar da taruka da rana, a zaurukan jami'a, ƙarƙashin idon malamai mata da maza.

Na uku, akwai masu cewa yawancin abin da ake kira taron ɗalibai yanzu ba shi da amfani: a kira ɗan siyasa, a ba shi lambar yabo, ya ajiye ambulan, shugabanni su raba. Wannan yana faruwa, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin masu ba da ambulan ɗin sun san abin da suke saye. Amma lalacewar ta samo asali ne daga barin ƙungiyoyi ba tallafi ba bincike. Ƙungiyar da jami'a ba ta ba ko sisi, ba ta kuma tambayar ta lissafi, dole ta nemi uban gida a waje. A nan ne yaro ke koyon darasin farko na almundahana, ya fita da shi zuwa ƙaramar hukuma ko majalisa. Jami'ar da za ta rantse cewa ɗalibinta ya cancanta ta fuskar hali ba ta da hujjar kau da kai daga wurin da halin ke ginuwa ko yake rushewa.

Gyaran ba ya buƙatar biliyoyi. Jami'o'i su dawo da al'adar keɓe yammacin Laraba ba lakca, su kuma hana malamai cusa darasi a cikinta. A buga jadawalin tarukan zango tun makon farko, kamar yadda ake buga na jarrabawa. A samar da teburi ɗaya a ofishin harkokin ɗalibai wanda aikinsa tattara sanarwar tallafin karatu da gasanni da guraben koyon aiki, a riƙa karanta su a rediyon haraba da Turanci da Hausa, tare da ranar rufewa. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Babu abin da zai hana a ware wani abu daga ciki don aikin al'umma mai maki. A ba ƙungiyoyi masu rajista ɗan tallafi, da sharaɗin su kawo lissafi a ƙarshen shekara, wadda ta kasa a dakatar da ita. A kuma ba ɗalibi takardar shaidar ayyukan da ya yi tare da sakamakonsa. Tsofaffin ɗalibai da suka zama manya a bankuna da kamfanoni da asibitoci su riƙa komawa sashensu ko sau ɗaya a shekara, su zauna da ƙannensu su faɗa musu yadda ake neman aiki a fanninsu. Wannan ziyara ta fi kyautar fanka da ake ɗaukar hoto da ita.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya dawo hutu, bayan an tambaye shi sakamako, a tambaye shi wace ƙungiya yake ciki, wa ke shugabantarta, wane malami ne ya san shi da suna. Ɗalibai 'yan uwa, musamman sababbin shiga, ku tsare lakcarku da farko, sannan ku zaɓi abu ɗaya ko biyu masu amfani ku riƙe su da gaske. Ku karanta allon sanarwa. Idan an kawo baƙon malami zai yi laccar jama'a, ko a wani fanni ne daban da naku, ku je ku zauna, ku yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Kuɗin da iyayenku suka biya ya haɗa da laburare da zauren taro da filin wasa da ɗakin gwaji, saboda haka kada ku karɓi rabin kayan da aka saya muku ku bar rabi a kanti. Shekara huɗu ko biyar ce, ba ta dawowa. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani da halin da zai riƙe shi.